Saura Kilo Uku

Tambaya ɗaya ce ta cika min akwatin saƙo tun da na yi shiru: wai Kafinta ya rame ko bai rame ba? Ya rame, 'yan uwa, ku kwantar da hankalinku. Ramar ce ma ta hana ni leƙo ku kwanakin nan.

Waɗanda yau suka fara karantawa, bari in kamo muku zaren. Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce min, har mai kawo mana ruwa. Aikina ɗaukar hoton jiki a wani asibiti, amma ba irin na karaya ba. Namu gado ne dogo mai hannu ɗaya, hannun ya riƙa bin mutum a hankali daga ka har tafin ƙafa, sannan ya zana shi a allon kwamfuta da launuka: ƙashi fari, tsoka ja, kitse rawaya. Sikeli iyakarsa ya ce maka kai kilo kaza ne ya ja bakinsa ya yi shiru. Namu sai ya faɗi nawa ne nama, nawa ne kitse, da inda kitsen ya kwanta. Wanda ke ƙarƙashin fata, wanda ake iya mintsina, da sauƙi. Wanda likitoci ke tsoro shi ne na can ciki, mai nannaɗe hanta da hanji.

A kan gadon nan na fara ganin Kafinta. Likitarmu ce ta turo shi don sukarinsa ya fara hawa. Da ya kwanta sai hannunsa na hagu ya fita daga layin gadon, na tura, na tura, ya ƙi shiga. In haka ta faru, dabararmu ita ce a ɗauki ɓangaren dama kawai, na'ura ta ninka. Da na yi masa bayani sai ya ce, "To yaushe zan dawo a ɗauki ɗaya rabin?" Na ce babu buƙata. Ya ce shi a wajensa akwai buƙata. Ya kuwa dawo, ɗauke da wata 'yar kujera da ya ƙera da hannunsa, wai ya lura a tsaye nake wuni. Har yau Rabin Hoto na sa masa a wayata, shi kuma Mai Hoto yake ce min.

Inda aka samu matsala shi ne wajen Umma. Abbanmu babban mutum ne, a jiki da kuma a hali. Ina sakandare ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ranar da Kafinta ya fara zuwa gaida Umma, sai ya rasa inda zai zauna sai kujerar Abba, ya kuma cika ta taf yadda Abba ke cika ta. Umma ta amsa gaisuwa a taƙaice ta shige ɗaki. Bayan kwana biyu ta tara Kawu da Yayata ta faɗi abin da ke ranta.

"Halinsa ba ni da ta cewa. Amma na ga abin da irin jikin nan ya yi min, ba zan zuba ido ya yi wa 'yata ba. Ya sauke kilo ashirin a kan sikelina, sannan a zo min da maganar rana."

Na ce, "Umma, sikeli fa bai san abin da yake aunawa ba."

Ta ce, "Ke da na'urarki. Ni sikelin nan ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

Tun daga ranar sikelin ya bar ƙarƙashin gadonta ya dawo falo, kusa da inda muke ajiye takalma. Duk ƙarshen mako Kafinta zai zo, ya cire takalmi da hula, ya hau. Umma ta sa tabarau ta sunkuya ta karanta da kanta, don ta ce ni ba a ba ni amanar lissafin nan ba.

Da fari abin ya tafi yadda ya kamata. Ya daina lemon kwalba, ya rage burodi, kullum da safe yana zagaya unguwarsu da ƙafa. Ya sauke kusan kilo biyar, daga nan allurar sikeli ta kafe, sati ya bi sati ba ta motsa ba. Na ce masa haka jiki yake yi, ya yi haƙuri. Kwatsam sai ya fara zubewa kamar an buɗe famfo. Yayata ta koma yi masa tsiya wai ya bar wa mutane sauran iska su shaƙa. Kawu ya ce yanzu ya ga namijin duniya. Umma kuwa baki har kunne, har shayi take haɗa masa da kanta, ba sukari.

Ni ma na ji daɗi, kar in yi muku ƙarya. Amma idon mai aiki ba ya barci. Mutumin da na taɓa gani ya ɗauki ƙyauren ƙofa shi kaɗai ya hau bene da shi, sai ga shi yana miƙo min gorar ruwa wai in buɗe masa, hannunsa da gumi. Muna hira sai ya tashi ya shiga bayi, ya dawo, ya sake tashi. Sau biyu ina ganinsa yana matsa ƙwaurinsa yana cije leɓe. In na tambaya sai ya ce aiki ne ya yi yawa.

Shi ya sa na matsa masa ya zo a sake ɗaukarsa. Tun da muka fara soyayya na gaya wa Ogana, don haka ba ni ke ɗaukar Kafinta ba, Oga ne da kansa. Ni dai an yarje min in tsaya a gefe tun da mai jikin ya amince.

Ya zo da hantsi cikin riga mai ruwan toka wadda tela ya rage masa har sau biyu, amma duk da haka kafaɗunta sun zubo. Bel ɗinsa ya sha sababbin huji, da ganinsu ka san da ƙusa ya yi su. Ni ina cikin shuɗin kayan aiki da farin ɗankwali.

Ƙa'idarmu ba a hawa gadon da ƙarfe a jiki. Akwai tire da ake zuba kaya, amma Kafinta ya ce shi ga tirensa nan tsaye, ya juye min komai a hannu: agogo, bel, makullan mota, tef ɗin awo, da waya. Ya sa rigar asibiti ya kwanta. Oga ya daidaita masa kai, ya miƙar da hannuwansa a gefe, ya ɗaure masa ƙafafu da maɗauri. Wannan karon ya shige cikin layin gaba ɗayansa, har da sauran fili. Ya ɗago ido ya kashe min ɗaya.

"Ba motsi, ba magana," in ji Oga. "Har da ido."

Hannun na'urar ya fara tafiya. Bai kai ƙirjinsa ba wayar ta yi motsi a tafin hannuna. Wallahi ban buɗe ba, allon ne ya kawo haske da kansa, saƙon yana kwance a kai.

*Ummanmu: Ɗana ka sha na safe? In ya kusa ƙarewa ka faɗa min in aiko. Kar Auta ta sani.*

Mahaifiyar Kafinta ta rasu tun yana ƙarami, gwaggonsa ce ta riƙe shi, kuma Gwaggo yake ce mata. Na kalli ɗan hoton da ke jikin saƙon. Tukunyar fulawar da ke bakin ƙofarmu ce, wadda ni na ɗauka na sa wa Umma a wayarta. Na tsaya riƙe da bel da agogo kamar an dasa ni, shi kuma yana kwance ƙafa a ɗaure yana murmushi da rufin ɗaki.

Da na matsa bayan Oga, hoton ya gama fitowa. Oga mutum ne mai surutu, ko ƙashin tsohuwa ya ɗauka sai ya yaba. Ranar bai yaba ba. Ya janyo hoton farko ya ajiye kusa da sabon. A na farko, cinyoyi da damatsa jajaye ne cike, irin na mai ɗaga katako. A sabon, jan ya tsuke ya koma siriri, ƙafafun kamar ba nasa ba. Rawayan da ke tsakiyar ciki kuwa yana nan daram, ɗan abin da ya ragu ba ya cika ido.

Oga ya ce a hankali, "Ki kai shi wajen Likita yanzu. Kar ya bi layi."

Likitarmu doguwar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta juya masa allon ta nuna da biro.

"Kilo goma sha bakwai ka sauke. A ciki, kitse bai wuce biyar ba. Sauran ruwan jikinka ne da namanka. Me kake ci?"

"Ina ci, Likita. Da rana ina ɗan taɓa wani abu."

"Da safe fa? Da dare fa?"

"Shayi."

"Wane magani kake sha ban da wanda na rubuta maka?"

"Babu."

Ya faɗa ko ƙiftawa bai yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, har lokacin kayansa suna hannuna. Na san in na yi magana na tona Umma, in na yi shiru kuma Likita za ta yi ta lalube a duhu.

Na ce, "Likita, ki tambaye shi na safe."

Kafinta ya juyo ya kalle ni, ya kalli wayar da ke hannuna, ya gane. Ya sunkuyar da kai.

"Wata 'yar ƙwaya ce fara, ƙarama," ya ce. "Mai sa fitsari. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Wa ya ba ka?"

"Wata uwa ce."

Ba sai ya ƙara ba. Ni nake karɓo wa Umma ƙwayar nan duk wata, ta hawan jini da kumburin ƙafa. Sau biyu tana ce min ta zube a bayi, in karɓo wata. Ni kuma na yi ta yi mata faɗan sakaci.

Likita ta ajiye biro. "Ƙwayar nan ba ta taɓa kitse. Ruwa take kora, ta tafi da gishirin da zuciya ke bugawa da shi. Ga yunwa kuma tana cin namanka, zuciya ita ma nama ce. Daga yau ko ɗaya kar ka ƙara. Za a ɗebi jininka yanzu. Ka koma cin abinci sau uku yadda zan tsara maka, ka koma ɗaga katakonka a hankali. In ka ji jiri ko bugun zuciya ya canza, ka taho nan take."

"Sikeli fa, Likita?"

"Zai hau. Ruwan zai dawo, naman ma muna so ya dawo. Sai daga baya ya sauka ta hanyar da ta dace."

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ni da na san shi, na ga inda maganar ta shiga ta fita.

Bayan an ɗebi jinin na raka shi wajen mota. Rana ta take, ya jingina da ƙofa yana ɗaura agogon da yanzu ke yawo a hannunsa.

"Kin karanta min waya."

"Ita ta karanta kanta."

"Saura uku, Mai Hoto. Uku kacal. Sati biyu na gama, in watsar da ƙwayar, in ci abin da Likita ta ce har da ƙari."

"Sati biyun kana da tabbacin za ka kai?"

"In na daina yau, ranar Asabar sikeli zai hau. A gaban Kawu. Ki gaya min da wane ido zan kalle su."

"Da idon mai rai."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Kin san yadda aka yi? Lokacin da allurar ta kafe, ita ta kira ni. Ban ma san tana da lambata ba. Ta ce ta riga ta yi magana a gaban ƙaninta, ba za ta iya haɗiye ta ba, amma ba ta so in gaza. Ta ce ita in ta sha ƙwayar nan sikeli sauka yake yi. Ta ce min ɗana. Mai Hoto, ni rabon da wata ta ce min ɗana, na manta."

Haushi nake ji, tausayi nake ji, duk a lokaci ɗaya, kuma ban san a kan wa zan sauke ba.

"Kar ki gaya mata," ya ce. "Matar da har yau take ganin girkinta ne ya kashe mijinta, ki je ki ce mata ta kusa kashe wani? Ki bar ni in ƙarasa, kowa ya fita kunya."

"Ka yi min alkawari ba za ka ƙara sha ba."

Ya buɗe mota ya shiga. Ambulan ɗin da Likita ta ba shi, mai hotunan biyu, ya miƙo min ta taga. "Riƙe. Ke kika so a ɗauka, ki yi yadda kika ga dama da su. Zan kira ki."

Haka na koma na ƙarasa aikina. Na ɗauki wata malamar makaranta, na ɗauki wani tsoho mai ciwon gwiwa, ina ce musu ba motsi, ba magana, ni kuwa hankalina na kan waya. Tsakanin mutum da mutum na riƙa tura masa saƙo.

*Ka ci abinci?*

*Don Allah kar ka sha na yamma.*

*Ka ji ko?*

Ya buɗe duka. Amsa ɗaya ya turo, hoton babban yatsa.

A hanyar gida na yi ta juya maganar. In na yi shiru, saura sati biyu a sa mana rana, ranar da na daɗe ina jira. In na yi magana, zan fasa wa Umma zuciya, shi kuma ya ce na ci amanarsa. Sai na tuna ƙafafun nan na cikin hoto. Ina sonsa, jama'a, kuma da ƙafafunsa nake so ya zo ɗaukata.

Na isa gida da yamma. Yayata ba ta dawo ba. Umma na zaune a kan kafet a falo, ta baza sababbin labule masu ruwan zuma tana sa musu ƙugiya, wai kar baƙi su zo su tarar da tsofaffi. Tana sanye da doguwar rigarta ta zaman gida mai ɗigo-ɗigo, ta miƙe ƙafafu. Ranar na kalli ƙafafun da kyau. Sun kumbura sun yi sumul, idon sawun ya ɓace. Wato nata rabon take ba shi, ita ta zauna haka.

"Kin dawo? Ya hoton? Ya shiga gadon naku ko sai da aka ninka?" Tana dariya.

Na zauna kusa da ita ko jaka ban ajiye ba. Na zaro hotunan na shimfiɗa a kan labulen. Ta laluba tabarau ta sa, ta duba wannan, ta duba wancan, ta ɗora yatsa a kan sabon.

"Kin gani ko? Ke da kike cewa sikelina bai san komai ba. Dubi yadda ya koma."

"Umma, jan nan nama ne. Kalli cinyarsa a nan, kalli a nan. Rawayan nan na ciki kuma shi ne kitsen da kike tsoro, irin wanda ya kayar da Abba. Kalle shi a duka biyun."

Ta kalla. Ta daɗe tana kallo. Umma ba ta yi karatun asibiti ba, amma mace ce da ta yi shekaru tana yanka nama, ta san bambancin tsoka da kitse in ta gani.

"Bai tafi ba," ta ce.

"Bai tafi ba. Mai jikin ne yake tafiya."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Na ce, "Na ga saƙonki, Umma. Wayarsa na hannuna ya shigo. Likita ta ce ƙwayar ruwa kawai take kora, tana tafiya da gishirin da ke riƙe bugun zuciya. Ga shi ba ya cin abinci."

Na zaci za ta yi faɗa, ko ta musa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kalli kujerar Abba, ta kalli sikelin da ke bakin ƙofa.

"Taimakonsa na yi niyyar yi," ta ce. "Na ga yadda kike kallonsa. Na ga yaron yana ƙoƙari abin ya ƙi. Na ce ni na ɗaura, bari in taya shi kwancewa ba tare da kowa ya ji ba."

"Na sani, Umma."

"Ya daina?"

"Na roƙe shi. Ya ce saura uku."

Ta jawo wayarta daga ƙarƙashin labule ta tura min. "Rubuta masa. Daga nan, ya san ni ce. Ki ce kar ya ƙara sha ko ɗaya. Ki ce na janye maganar sikeli, Kawunku ni zan ji da shi."

Na rubuta yadda ta faɗa na tura. Muka zuba wa wayar ido mu biyu. Ya buɗe. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

*Umma kar ki biye wa Auta, tsoro ne da ita. Na sha tun ɗazu, biyu ma na haɗa don mu gama da wuri. Kaina ne kawai ke ɗan juyawa, na sallami ma'aikata na kwanta a shago.*

"Me ya ce?"

Na karanta mata kalma da kalma, ban rage komai ba. Na danna kiransa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Umma ta dafa kujera ta miƙe, labulen ya zube daga cinyarta. Ta ja mayafin da ke rataye a ƙofa. Ta zura ƙafa a takalminta ya ƙi shiga, ta gwada ɗayan shi ma ya ƙi, sai ta bar su nan ta taka waje haka.

"Tsayar mana da mota," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ki kira Likitarki. Ki ce mata uwarsa ce za ta kawo shi."